Gyaran Littafi a Gaban Ciyaman

Na san abin da ake faɗa muku a gidan kakarku na Unguwar Gano, domin ba a ɓoye ake faɗarsa ba. Duk Sallah sai an tayar da zancen, wai uwarku ce ta miƙe a gaban jama'a ta tozarta ƙaninta, ta kashe masa siyasa, a kan wani ɗigo da ko mai tabarau sai ya ƙanƙance ido yake ganinsa. Wasu su ce hassada ce, wasu su ce boko ne ya hau mini kai. Shekara da shekaru ina ji ina haɗiyewa. Yanzu da na ajiye alli, gwiwa kuma ta zaunar da ni, bari in ba ku labarin yadda abin ya faru, don kada in mutu ya zama daga bakin Kawunku Ɗanlami kaɗai kuka ji shi.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ce. Muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, gidan nan mai bishiyar darbejiya a bayan shaguna, mu a sashen ciki, Madam Rifkatu da iyalinta a sashen waje. 'Yar Filato ce, malamar lissafi, kun san ta. Kai Nasiru kana firamare, Hauwa tana bin ka a baya, auta kuma tana goye. Ni ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata da ke yankin Tarauni, inda yara suka cika aji har bakin ƙofa, littafi kuwa babu. Wanda ake da shi a ɗakin karatu Turancinsa ya fi ƙarfinsu, kuma in ka buɗe sai ka tarar gara ta riga ka karantawa. Don haka na shafe shekaru ina rubuta nawa bayanin da hannu, Turanci mai sauƙi, ina tsarma Hausa inda abin ya yi tsauri. Yara su kwafa daga allo, wasu su kwafa daga waɗanda suka kwafa.

Dole in ɗan koya muku darasi a nan, ku yi haƙuri, in ba haka ba ba za ku gane abin da ya tayar mini da hankali ba. Kowace ƙwayar zarra tana da wasu mitsi-mitsin abubuwa da ke kewaye da ita, ana ce musu ilektaron, kuma ba a watse suke ba, a jere suke hawa-hawa. Sodiyam tana da goma sha ɗaya: biyu a hawan farko, takwas a na biyu, ɗaya tilo a waje. Wannan na wajen ba ta iya riƙe shi, da ta samu mai karɓa sai ta sake shi. In ta sake, saura goma ke nan, sai a rubuta sunanta da 'yar alamar tarawa a kafaɗa, a kira ta ayon. Maganiziyam tana da goma sha biyu, ta zubar da biyu, ita ma ta koma goma. Oksijin tana da takwas, ta karɓo biyu, ta zama goma, a sa mata alamar ɗebewa. Niyon kuwa da gomanta aka halicce ta, ba ta bayarwa ba ta karɓa. To ga su nan, jerinsu iri ɗaya sak. A Turance suna da wani dogon suna mai karya wa yara harshe, ni kuwa na ce musu 'yan anko ne: atamfa ɗaya, ɗinki ɗaya, amma kowace da gidan ubanta, domin abin da ke can tsakiyar ƙwayar bai canja ba. Da wannan yaran suka gane, har suka sa mini Malama Anko. Abin da nake so ku riƙe shi ne, duk wannan magana a kan 'yar alamar kafaɗar nan ta rataya. Sodiyam da ba ta da alama ƙarfe ce mai kamawa da wuta in ta taɓa ruwa. Mai alamar ita ce a cikin gishirin miyarku.

Kawunku a lokacin bai daɗe da zama kansila ba. Kafin nan kayan babur yake sayarwa a kasuwar Tarauni, kuma ba laifi, ya iya mu'amala da mutane, 'yan acaɓa duk nasa ne, su suka yi masa ruwa da tsaki ya ci zaɓe. Ni na goya shi, ni na wanke masa kashi, amma daga ranar da aka rantsar da shi sunansa ya ɓace, sai Onarabul. Babbar riga har ranar Talata. In zai shigo gidanmu sai wasu matasa sun riga shi sallama, su tsaya a zaure suna cinye mana inuwa. Zamanin ne da kowane zaɓaɓɓe yake neman abin da zai nuna a ce ga romon dimokuraɗiyya. Wani ya haƙa rijiya, wani ya raba buhun taki. Shi kuma wata ranar Lahadi ya shigo ya same ni a tsakar gida na baza takarduna a tabarma ina gyarawa.

“Yaya, wannan tulin fa?”

“Darasin yarana ne. Kada ka taka.”

Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sai na ga idonsa ya yi haske irin na mai ciniki.

“Ai littafi ne wannan! Yaya, kina zaune a kan arziki. Ni zan buga shi, a raba wa yaran mazaɓata kyauta. Ciyaman da kansa zai zo ƙaddamarwa. Kowa na ta rijiya, ni ilimi zan yi.”

Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Wace malama ce ba ta son ganin wahalarta ta zama littafi? Sharaɗi ɗaya kawai na gindaya masa, na kuma maimaita har ya ce na cika mita: kada a buga ko shafi ɗaya sai an kawo mini gwajin farko na duba da idona. Ya dafa ƙirji ya ce in bar komai a hannunsa. Babanku yana gefe yana jin rediyo, sai da suka fita ya ce, “Allah Ya sa alheri,” da wata irin murya da ya kamata a ce na saurara.

Wata ya wuce, wani ya kama. Duk sanda na tambayi gwajin sai ya ce ana kan aiki, ko ya ce wuta ce babu, ko ya ce mai maɗaba'ar ya tafi ta'aziyya. Rannan, wata Laraba, na dawo daga makaranta na tarar da katin gayyata da kwali guda a ƙofar ɗaki. Katin ya ce Asabar za a ƙaddamar. Na yage kwalin. Bangon littafin kore shar, hoton Kawunku ya cinye shi tun daga sama har ƙasa, hula a karkace, yana murmushi ya tallabe haɓa kamar shi ya gano sodiyam. Sunana yana can ƙasa kusa da gwiwar hannunsa, sai an nema. Wannan bai dame ni ba, na yi dariya ma. Na buɗe ciki, na wuce kai tsaye babin da na fi ji da shi, babin 'yan anko.

Sai da na zauna a ƙasa. Babu alama ko ɗaya. Duk wata tarawa, duk wata ɗebewa, duk wata 'yar lamba da ke zaune a kafaɗar harafi, an share ta ƙal. Littafin, da sunana a jiki, yana gaya wa yara cewa sodiyam da maganiziyam da oksijin da niyon duk ilektaron goma-goma gare su tun asali. Jadawalin da na jera yadda suke hawa-hawa ya koma layi iri ɗaya ana ta maimaitawa, ba lambar da za ta nuna nawa ne a kowane hawa. Na duba wani kwafin, haka. Na duba na ƙasan kwalin, haka. Ko mayafi ban canja ba, na saɓa auta na tare ɗan acaɓa, abin da ban saba ba, sai maɗaba'ar da ke wani lungu bayan titin Gidan Zu. Mutumin da katin biki da kalanda da fastar 'yan siyasa ya saba, ya tarbe ni da fara'a yana jiran yabo.

“Alhaji, ina alamomin da ke kafaɗar haruffan nan?”

“Au, waɗannan ƙananan? Ai mun sa su da farko, Hajiya. Wallahi mun sha wahalarsu. To da aka fitar da gwaji sai suka fito dishi-dishi. Onarabul ya zo ya gani, ya ce wannan kashin ƙudan fa, ya ɓata takarda, littafin da Ciyaman zai riƙe ba za a kai shi da datti ba, a share. Muka share.”

“An fitar da gwaji, ka ce?”

“Tun tuni. Ya ce ke ba ki da lokaci, shi zai duba.”

Daga nan gidan Inna na nufa a Unguwar Gano, don na san can yake cin abincin yamma. Na same shi ya naɗe hannun riga yana kai loma, Inna tana yi masa fifita kamar wani ango. Kun san Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce 'yar fari, sai dai “ke 'yar nan”. Na ajiye littafin a gaban kwanonsa, na yi bayani iya yadda zan iya ba tare da na ɗaga murya ba.

“Haba Yaya,” in ji shi, “na ɗauka wani abu ne ya faru. Harafin yana nan ko ba ya nan?”

“Yana nan, amma ba shi ba ne kuma. Ƙarya littafin yake yi.”

“To malamai su gyara a aji mana. Aikinsu ne.”

Inna ta ajiye mafici. “Ke 'yar nan, a kan ɗigo kika shigo ko gaisuwar kirki babu? Yaro ya ɗauko ki zai fitar da ke duniya ta san ki.”

Na jawo robar gishirin da ke gefen murhu na ɗebo a tafin hannu. Na ce, “Inna, kin ga wannan? Abu biyu ne a ciki. Da alamar, gishiri ne. In an cire alamar, ɗaya wuta ce, ɗaya guba. Abin da ɗanki ya sa aka cire ke nan.”

Ta leƙa tafin hannuna, ta dube ni sama da ƙasa. “Ni dai tun ina yarinya nake girki, ban taɓa ganin gishiri ya kama da wuta ba. Mayar mini da abina.”

A nan na gane ba ta wannan hanyar za a fita ba. Na ce to a ɗaga taron a sake bugawa. Ya ce kati ya fita, an kama rumfa da kujeru, an gaya wa 'yan jarida, in ya ɗaga abokan hamayya za su ce ya cinye kuɗin. Na ce to a yi taron, a miƙa wa Ciyaman kwafi ɗaya a ɗauki hoto, amma kada a raba wa yara sai an gyara da hannu, ni zan gyara. Ya suɗe yatsa, sannan ya ce ya ji, gobe za a kawo mini littattafan gaba ɗaya, abin da na gama shi za a raba. Inna ta ce ka ji ɗan albarka.

Kashegari aka kawo kwalaye aka jibge mana a tsakar gida. Ku biyun manya kuna iya tunawa, don ku kuka riƙa buɗe mana shafi kuna dannewa da dutse. Daga an taso makaranta har rana ta faɗi, Alhamis da Juma'a, muna duƙe a tabarma da jan biro. Madam Rifkatu ta bar wankinta ta shigo, ta ce ita ma malama ce, ba za ta ga ana yi wa alamar tarawa wulaƙanci ta zauna ba. Babanku ya dawo daga ofis ya tuɓe riga ya zauna, sai dai shi akawu ne, kowace alama sai ya ɗora rula ya ja, mu mun yi littafi biyar shi yana kan na farko.

“Malam,” in ji Madam Rifkatu, “wannan gicciyen naka ya fi na cocinmu miƙewa.”

“A'uzubillahi, Madam, tarawa ce,” ya ce, bai ɗago ba. Muka yi dariya har auta ta farka.

Yatsuna suka kumbura, bayana ya ƙage, tuwon ranar Juma'a ya ƙone, amma kafin magariba mun gama kwalayen nan kaf. Na kwanta da murna, ina cewa a raina ashe yaron nan yana jin magana.

Asabar da safe aka kwashi kwalayen, mu kuma muka bi baya. A filin wata firamare aka yi taron. Rumfuna, kujerun roba, lasifika tana ta ƙara, maroƙa suna wasa Kawunku da sunayen da ko Inna ba ta san yana da su ba. An kwaso ɗalibai daga makarantu daban-daban, maza da mata, an jera su a rana. Ina zagayawa bayan rumfa don in ga inda aka ajiye kayanmu, sai na ci karo da a-kori-kura shaƙe da kwalaye har sama, a liƙe yadda suka fito daga maɗaba'a. Namu da muka gyara ko kwatansu bai kai ba, kuma matasan Kawunku sun riga sun cakuɗa su, suna ta farkewa suna miƙa wa yara. Ashe ɗan abin da ya aiko mini na toshiyar baki ne, ya ba ni abin yi don in bar shi ya sarara. Na kutsa na same shi yana gyara zaman hula.

“Ɗanlami, me muka yi da kai a gaban Inna?”

“Yaya, don girman Allah ba yanzu ba. Ga Ciyaman can ya iso. Kuma a nan Onarabul ake cewa.”

Ya wuce ya bar ni a tsaye. Aka kai ni kujerar gaba aka zaunar. Na ce wa kaina, ki yi shiru, ki ci kunyar, ranar Litinin ki gyara wa naki ɗaliban, sauran kuma Allah Ya ji ƙansu. Wallahi da wannan niyyar na zauna. Sai wata yarinya daga layin ɗalibai ta rarrafo ta durƙusa kusa da kujerata, kayan makarantarta ba irin namu ba ne, ta rungume littafin a ƙirji.

“Malama, an ce ke kika rubuta. Mun gode, Allah Ya saka. Mu tun bara ba mu da malamin kemistiri, kuma bana za mu zana jarrabawar fita. Wannan za mu haddace.”

Na karɓi nata na buɗe. Ba jan biro ko ɗaya.

Aka yi jawabai. Kawunku ya yi nasa, ya ce ilimi gishirin zaman duniya, aka tafa. Ciyaman ya yi nasa. Can sai mai gabatarwa ya ce a taƙaice marubuciya za ta zo ta yi godiya. Na miƙe, na gyara goyon auta, na karɓi abin magana. Na gode wa Allah, na gode wa Ciyaman, na gode wa ƙanina da sunan da yake so, na ce ya yi abin da babu wanda ya taɓa yi wa yaran nan, kuma har yau ina kan wannan magana. Sannan na ce:

“Ɗalibai, kowa ya buɗe babi na huɗu. Mai biro ya fito da shi, marar biro ya matsa kusa da mai shi. Wanda ya ga jan rubutu a nasa ya taimaki na kusa da shi. Layin farko, inda aka rubuta sodiyam, ku sa alamar tarawa a kafaɗarta ta dama. Ƙarama. Kun sa?”

Yara suka amsa baki ɗaya, “Mun sa, Malama!” kamar muna aji. Na ci gaba. Maganiziyam, biyu da tarawa. Oksijin, biyu da ɗebewa. Niyon, ku bar ta, ba ruwanta. Na gaya musu dalilin kowace, na ba su labarin anko, 'yan mata suka fashe da dariya. Mai gabatarwa ya matso yana raɗa mini cewa lokaci ya ƙure, na juya masa baya. Wani ya je ya zare wayar lasifikar. To ni da na shekara goma sha wani abu ina magana da aji mai cike har ƙofa, me lasifika za ta yi mini? Na ajiye abin na ci gaba da muryata, muka shiga jadawalin hawa-hawa layi bayan layi. Da na waiga sai na ga Ciyaman ya zaro biro daga aljihu ya ɗora littafin a gwiwa, shi ma yana sawa, yana murmushi. Kawunku kuwa ya kafe a kujera, gumi yana bin wuyan babbar riga.

Ku saurara da kyau, domin nan ne ake murɗe labarin. Da na gama, Ciyaman ya ɗago ya ce, “Malama, wannan ɓarna haka, wa ya yi ta?” Ni kuma na ce, “Ranka ya daɗe, kuskure aka samu wajen aikin, kuma ga shi an gyara.” Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan. Ban kama sunan kowa ba, ban ko kalli inda yake ba. Amma mai maɗaba'ar yana cikin rumfa, ya zo da fatan samun aikin kalandar ƙaramar hukuma, da ya ji haka sai ya zabura ya miƙe kamar an tsikare shi.

“Wallahi ranka ya daɗe ba laifina ba ne! Mun sa su! Onarabul ne ya ce kashin ƙuda ne, a share!”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Ta taso daga rumfar manya ta bi ta kan yara ta fita har wajen 'yan acaɓan da ke bakin ƙofa. Kafin la'asar duk Tarauni ta ji, kafin mako ya zagayo sunan ya manne masa: Kansila Kashin Ƙuda. Yara su faɗa su ruga. A bangon ofishinsa ma sai da aka rubuta da gawayi. Ban sa masa sunan nan ba, ban ji daɗinsa ba, na kuma zane wata ɗalibata da na ji ta faɗa. Amma wa za a kama? Mai maɗaba'a ba ɗan gida ba ne. Ni ce a kusa.

Da yamma na je gidan Inna. Na yi sallama ta amsa, na gaishe ta ta juya fuska bango.

“Da kin bari an tashi, sai ki kira shi ɗaki ki faɗa masa,” ta ce da bangon.

“Inna, na faɗa masa a ɗaki. A gabanki.”

“To da kin sake faɗa.”

Ba ta ƙara amsa gaisuwata da baki ba sai da aka yi Babbar Sallah. Shi kuwa ya ɗauke ƙafa daga gidanmu ɗungurungum, in mun haɗu a suna ko biki ya bi wata ƙofar. Da zangon karatu ya ƙare sai ga takardar canjin wurin aiki, an tura ni wata makarantar ƙauye can gaba da Kura. Har yau ban san hannun wa ke ciki ba. Wasu sun ce shi ne, wasu sun ce wani ne a cikin manyan da suka zauna a rumfar ya ga mace mai irin wannan baki gara a nesanta ta. Ban zarge shi ba, tunda ban gani ba. Abin da na sani shi ne ku kuka biya. Daga sallar asuba nake fita neman mota, in dawo kun yi laushi da yunwa. Auta aka yaye ta ba shiri. Babanku ya koyi dama koko da tsufansa, kullum da gudaji, Madam Rifkatu ce take duba ko kun sa takalmi daidai kafin ku tafi. Kai Nasiru ka taɓa tare ni a zaure ka ce me ya sa iyayen kowa suke zuwa ranar rabon sakamako ban da ni. Ban ba ka amsa ba a lokacin. Wannan labarin shi ne amsar. Haka muka yi har wa'adin mulkin nasu ya ƙare, sannan aka dawo da ni cikin gari.

Zancen wai ni na kashe masa siyasa kuwa, ku tambayi duk wanda ya san lokacin. Ubangidansa na siyasa ne ya ɓata da manyan jam'iyya, aka zubar da su gaba ɗaya, har da waɗanda suka haƙa rijiya. Ita kuma yarinyar da ta durƙusa kusa da kujerata, ban sake ganinta ba, ban san sunanta ba, ban sani ba ko ta ci jarrabawar. Sauran babobin ma ban samu na gyara musu ba, babi ɗaya aka bar ni na yi. Na so a ce ina da labarin wata likita da ta zo ta gode mini, in rufe bakin mutanen Unguwar Gano da shi. Ba ni da shi.

Shiryawarmu ba wani zama aka yi ba. Da Inna ta kwanta ciwon ajali mu biyu muka yi jinya, ni in riƙe kofi shi ya tallafo kanta, a haka magana ta dawo, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri. Na ɗauka an binne zancen. Sai ranar walimar ajiye aikina, kuna wurin amma kuna ta hidimar baƙi a waje. Ya miƙe a tsakar gida, gemu fari fat, ya yi gyaran murya a gaban abokan aikina da surukaina.

“Wannan baiwar Allah da kuke gani, ni na fara buga mata littafi. Da aka samu ɗan kuskure daga masu bugawa, ni da kaina na ce, Yaya, tashi ki gyara shi a gaban jama'a, ilimi ba abin wasa ba ne. Ko ba haka aka yi ba, Yaya?”

Kowa ya juyo yana kallona. Madam Rifkatu ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta suna rawa. Babanku ya sunkuyar da kai yana ta nazarin ƙashin kaza. Na dubi Ɗanlami, na ga wallahi ba ƙarya yake ganin yana yi ba, ya faɗa wa kansa har ya yarda.

Na ce, “Zauna, Ɗanlami, shinkafarka za ta huce.”

Ya zauna, aka tafa masa.

Kawunku ne, ku riƙe shi da kyau. Ku je masa gaisuwa, ku kai masa naman Sallah, in ya ba da labarin ku ce haka ne, Kawu. Amma ko katin ɗaurin aure ne, kada wanda ya ba shi ya kai maɗaba'a.